Manyan Masu Gonaki, Ra'ayin Riƙau da Kishin Ƙasa a Siyasar Daular Jamus (1871–1918)

1.0 Gabatarwa

A ranar 18 ga Janairu 1871 aka kafa Daular Jamus, yayin da ƙasashen Jamusawa suke cikin yaƙi da Faransa. A lokacin yawan jama'ar daular bai wuce miliyan 41 ba, kuma mafi yawansu a karkara suke. Kafin shekarar 1910 jama'a ta kai miliyan 65, masana'antu sun bunƙasa, birane sun cika sun batse. Ƙidayar 1882 ta nuna cewa wajen kashi 42 cikin 100 na jama'a da noma suka dogara, amma a ƙidayar 1907 ba su kai kashi 29 ba. Duk da wannan sauyi, wani ƙaramin rukuni na masu manyan gonaki ya ci gaba da riƙe ragamar mulki har zuwa faɗuwar daular a 1918.

Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin bayyana yadda haka ta faru. Za ta duba ko su wane ne waɗannan mutane, da dalilin da ya sa suka kafa ƙungiyar matsin lamba a 1893, da hanyoyin da ƙungiyar ta bi, da kuma yadda ta mayar da kishin ƙasa makamin kare aljihun shugabanninta. Akwai kalmomi uku da za su riƙa maimaituwa. "Ra'ayin riƙau" shi ne aƙidar masu son a bar sarauta da addini da tsarin zama yadda aka gada. "Matsin lamba" shi ne ƙoƙarin da wani rukuni yake yi don juya dokoki su dace da buƙatarsa, ko ta kamun ƙafa ko ta barazana. "Kuɗin fito" kuwa shi ne harajin da ake ɗora wa kayan da aka shigo da su daga waje.

2.0 Su Wane ne Yunkawa?

Kogin Elbe ya raba noman Jamus gida biyu. A yamma da kudu, mafi yawan gonaki ƙanana ne ko matsakaita, kuma iyali ne suke noma abinsu. A gabas kuwa, wato a lardunan Furusiya irin su Pomeraniya da Brandenburg da Silesiya da Furusiya ta Gabas, da kuma ƙasar Mecklenburg, manyan gandaye ne suka fi yawa, inda gandu ɗaya kan kai ɗaruruwan hekta. Masu waɗannan gandaye su ake kira Junker, ana furta kalmar "Yunka", don haka a nan za a kira su Yunkawa. Abin da suka fi nomawa shi ne alkama da dankali da gwoza mai sukari, sai kuma wani hatsi dangin alkama mai jure sanyi da ake kira Roggen, wanda da shi talakawa suke yin baƙin burodi.

Ƙarfin Yunkawa bai tsaya ga gona ba. An soke bautar manoma a Furusiya da dokar 1807, amma dokar barori ta 1810 ta ci gaba da aiki har 1918, kuma ma'aikatan gona ba su da ƴancin yajin aiki. Gandu da yawa shi kansa gunduma ce ta mulki, mai gandun shi ne hukuma a cikinsa. Jami'in da ake kira Landrat, wanda matsayinsa ya yi kama da na hakimi, galibi daga cikinsu yake fitowa. Haka nan ƴaƴansu ne suka fi yawa a manyan muƙaman soja da fadar sarki. Otto von Bismarck, Wazirin daular na farko, shi ma daga wannan rukuni ya fito.

3.0 Tsarin Mulki da Zaɓe

Ba za a fahimci ƙarfin Yunkawa ba sai an san cewa majalisu iri biyu suke aiki a Berlin. Ta farko ita ce majalisar daular, Reichstag, mai kujeru 397, wadda duk namijin da ya kai shekara 25 yake da ƙuri'a ɗaya a zaɓenta. Sai dai ba a sake shata mazaɓu ba har ƙarshen daular, saboda haka mazaɓar karkara mai mutane kaɗan tana da wakili ɗaya daidai da mazaɓar birni wadda jama'arta ta ninka sau da yawa. Bugu da ƙari, sai a 1903 aka shigo da ambulan da ɗakin sirri na jefa ƙuri'a. Kafin nan mai gandu yana iya raba wa ma'aikatansa takardun ƙuri'a, ya sa wakilinsa ya tsaya yana kallon abin da kowa ya jefa.

Ta biyu ita ce majalisar Furusiya, ƙasar da ta ƙunshi wajen kashi biyu cikin uku na faɗin daular. A nan tsarin zaɓe mai aji uku ake bi tun 1849. Ana raba masu zaɓe gida uku gwargwadon harajin da suke biya, kowane aji ya zaɓi kashi ɗaya cikin uku na wakilan da za su zaɓi ɗan majalisa. Ke nan ƴan tsirarun attajirai na aji na farko nauyinsu ɗaya da talakawan aji na uku, waɗanda suka zarce kashi 80 cikin 100. Kuma a bainar jama'a mutum yake faɗin wanda ya zaɓa. Alal misali, a zaɓen 1908 jam'iyyar ma'aikata ta SPD ta sami kusan kashi 24 cikin 100 na ƙuri'u, amma kujeru 7 kawai ta ci daga cikin 443, alhali jam'iyyar ƴan riƙau da wajen kashi 14 ta kwashe kujeru 152.

Waziri, wato Reichskanzler, Kaisa ne yake naɗa shi kuma shi yake tuɓe shi. Amma da yake kusan ko da yaushe Wazirin daular shi ne kuma shugaban ministocin Furusiya, dole ne ya yi hulɗa da majalisar da ƴan riƙau suka mamaye.

4.0 Daga Cinikin Sake zuwa Kuɗin Fito

Har zuwa farkon shekarun 1870, Yunkawa masu goyon bayan ciniki ba shinge ne, domin suna fitar da hatsi zuwa Ingila ta tashoshin Danzig da Königsberg da Stettin, kuma suna son sayen ƙarfe da injuna da araha. Abin da ya juya al'amarin shi ne jirgin ƙasa da jirgin ruwa mai tururi. Da kuɗin sufuri ya faɗi, sai hatsin Amurka da na Rasha ya malalo Turai da farashin da gandayen gabashin Elbe ba za su iya karawa da shi ba. Kasuwar Ingila ta suɓuce musu, ita kanta Jamus ta koma mai shigo da hatsi.

A daidai wannan lokaci masu masana'antun ƙarfe da masaƙu suna fama da karyewar kasuwa da ta faro a 1873. A 1876 suka kafa babbar ƙungiyarsu, a shekarar ce kuma aka kafa Jam'iyyar Ƴan Riƙau ta Jamus. Bismarck, wanda yake neman hanyar samar wa daular kuɗin shiga, ya haɗa ɓangarorin biyu. A 1879 aka ɗora kuɗin fito a kan ƙarfe da hatsi. Masana tarihi sukan kira wannan haɗin "auren ƙarfe da hatsi". Da farko mak 1 ne a kan kowane kilo 100 na alkama da Roggen, a 1885 ya koma mak 3, a 1887 ya kai mak 5.

Ya kamata a lura da wani sauyi da ya zo tare da wannan. A farkon ƙarni na 19, kiran haɗin kan Jamus kira ne na masu sassaucin ra'ayi, kamar yadda aka gani a juyin 1848. Tsoffin ƴan riƙau na Furusiya sun ɗauke shi barazana ga sarautu, har wasunsu suka juya wa Bismarck baya a farkon shekarun 1870. Bayan 1879 sai aka fara kiran kuɗin fito "kare aikin ƙasa". Daga nan kalmar kishin ƙasa ta fara ƙaura daga bakin masu neman sauyi zuwa bakin masu ƙin sa.

5.0 Caprivi da Kafuwar Ƙungiyar Manoma

A watan Maris 1890 Kaisa Wilhelm na II ya sallami Bismarck, ya naɗa Janar Leo von Caprivi. Caprivi ya ga cewa dubban Jamusawa suna ƙaura zuwa Amurka saboda rashin aiki, kuma burodi ya yi tsada, musamman bayan mummunar damina ta 1891. Ra'ayinsa shi ne, ƙasar da ba ta fitar da kaya ba za ta fitar da mutanenta. Don haka ya ƙulla yarjejeniyoyin ciniki da Ostiriya-Hungari da Italiya da Beljiyam da Suwizalan a 1891, da Romaniya a 1893, da Rasha a 1894. Waɗannan ƙasashe suka sassauta wa kayan masana'antun Jamus, ita kuma ta rage kuɗin fiton hatsi daga mak 5 zuwa mak 3.50.

Ragin bai taka kara ya karya ba, amma ya zo daidai da faɗuwar farashin hatsi a kasuwannin duniya daga 1892. Gandaye da yawa kuwa bashi ya riga ya yi musu katutu. A watan Disamba 1892 wani manomi mai hayar gona a Silesiya, Alfred Ruprecht, ya buga kira a jarida. Abin da kiran ya ƙunsa shi ne manoma su daina ƙorafi a ɗaki, su fito su ɗaga murya har ta isa majalisa da fadar sarki, su kafa ƙungiya su yi adawa da gwamnati kamar yadda ƴan gurguzu suke yi. Wannan magana ta girgiza mutane, domin ba a saba jin masu biyayya ga sarki suna irin ta ba.

A ranar 18 ga Fabrairu 1893 dubban manoma suka taru a zauren Tivoli da ke Berlin, suka kafa Bund der Landwirte, wato Ƙungiyar Manoma. Shugabanta na farko shi ne Berthold von Ploetz. Bayan rasuwarsa a 1898 Conrad von Wangenheim da Gustav Roesicke suka riƙe shugabanci, Diederich Hahn kuma shi ne darakta. Ƙungiyar ta yi ta sukar Caprivi a kan cewa mutum ne da ba shi da ko taƙin gona, don haka bai san zafin manomi ba. Ba ta iya hana yarjejeniyar Rasha ba, amma ƙiyayyar da ta hura tana cikin abubuwan da suka raunana shi, har ya sauka a watan Oktoba 1894.

6.0 Yadda Ƙungiyar Take Aiki

Hausawa sun ce idan kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. A da, Bayunke mai buƙata yakan bi ta wajen ɗan'uwansa da ke fada ko ma'aikata. Yanzu da ƙuri'a ta zama abin lissafi, sai suka koyi dabarun abokan gabarsu. Cikin ƴan shekaru mambobin ƙungiyar suka kai dubu 200, a 1913 kuma wajen dubu 330. Mafi yawansu ƙananan manoma ne da matsakaita. Masu manyan gandaye ba su fi kashi 1 zuwa 2 cikin 100 ba, amma su ne suke riƙe da shugabanci.

Hanyoyin da ƙungiyar ta bi sun haɗa da waɗannan:

Na ɗaya, hidima ga mambobi. Tana sayo takin zamani da iri da abincin dabbobi da injuna a dunƙule ta sayar musu da rangwame, tana kuma ba su shawarar lauya da ta lissafin haraji. Ƙaramin manomi yakan shiga don arahar taki, daga baya ya saba da siyasar.

Na biyu, farfaganda. Tana da jaridu, babbarsu ita ce Deutsche Tageszeitung da ta fara fitowa a 1894. Tana horar da masu jawabi ta biya su albashi, su riƙa zagaya ƙauyuka, musamman da hunturu lokacin da aikin gona ya yi sauƙi. Kowace shekara a watan Fabrairu takan yi babban taro a Berlin, wanda ya shahara a zauren wasa na Circus Busch.

Na uku, ɗaure ƴan takara. Ƙungiyar ba ta mai da kanta jam'iyya ba. Abin da take yi shi ne ta miƙa wa ɗan takara jerin buƙatunta, in ya yi alkawarin bin su ta ba shi kuɗi da masu jawabi da ƙuri'un mambobinta, in ya ƙi ta mara wa abokin hamayyarsa baya. Ta wannan hanya ta sami mutanenta a Jam'iyyar Ƴan Riƙau da kuma cikin jam'iyyar masu sassauci ta ƙasa. Ita Jam'iyyar Ƴan Riƙau ba ta da tsari mai ƙarfi a ƙauyuka, saboda haka ƙungiyar ce ta zame mata ƙafafu. Inda ta kasa shiga sosai shi ne yankunan Katolika, domin can jam'iyyar Zentrum tana da ƙungiyoyin manomanta.

7.0 Abin da Ta Nema da Abin da Ta Samu

Babbar buƙatarta ta farko ita ce ƙudurin da Hans von Kanitz ya gabatar a 1894, ya kuma maimaita a 1895 da 1896. Ƙudurin ya nemi gwamnati ita kaɗai ta riƙa shigo da hatsi, ta sayar da shi a farashi mai tsada da aka ƙayyade. Majalisa ba ta amince da shi ba ko sau ɗaya, shi kansa Kaisa ya ɗauke shi cin riba da yunwar talaka. Haka nan neman a haɗa azurfa da zinariya a matsayin ma'aunin kuɗi, wanda zai rage nauyin bashin masu gandaye, bai yi nasara ba.

Amma ta sami ƙananan nasarori masu yawa. A 1894 aka kafa majalisun noma a lardunan Furusiya, aka kuma fito da takardun da ake bai wa mai fitar da hatsi don ya biya kuɗin fiton wasu kaya da su, abin da ya zama tallafi ga masu noman Roggen. Dokar kasuwar hannun jari ta 1896 ta hana cinikin hatsi na alkawari, wato wanda ake ƙulla farashi yau a kawo kaya nan gaba. Dokar duba nama ta 1900 ta toshe wa naman gwangwani na Amurka hanya da sunan kare lafiya.

Rikicin da ya fi nuna ƙarfinta shi ne na hanyar ruwa ta Mittelland, wadda aka so a haƙa don haɗa kogin Rhein da Elbe. Masana'antun yamma suna so, Kaisa da kansa yana so. Yunkawa suka ji tsoron hatsin waje zai shigo da araha, kuma ma'aikatansu za su gudu zuwa aikin haƙa. A watan Agusta 1899 majalisar Furusiya ta kayar da ƙudurin. Kaisa ya fusata ya dakatar da wajen jami'an gwamnati 20 da suka jefa ƙuri'ar ƙi, amma da yawansu daga baya aka mayar da su, har da ƙarin girma. Sai a 1905 aka amince da aikin, shi ma a gutsure, ya tsaya a Hanover. Bai isa Elbe ba sai a 1938.

A watan Disamba 1902, a zamanin Waziri Bernhard von Bülow, aka yi sabuwar dokar kuɗin fito wadda ta fara aiki a 1906. Ta ƙayyade cewa ba za a sauko ƙasa da mak 5.50 a kan alkama da mak 5 a kan Roggen ba. Ƙungiyar ta nemi mak 7.50, don haka shugabanninta suka ce abin bai isa ba. Wanda ya biya wannan kuɗi shi ne mai sayen burodi a birni, kuma jam'iyyar SPD ta yi amfani da batun tsadar abinci ta ƙara ƙuri'u a zaɓen 1903.

8.0 Kishin Ƙasa a Matsayin Makami

Tambayar da take tasowa ita ce: me ya sa ƙaramin manomi mai kiwon alade da shanu, wanda sau da yawa sayen hatsin dabbobi yake yi, ya bi masu neman tsadar hatsi? Amsa ta farko ita ce shi ma an kare masa nama da madara da man shanu daga gasar waje. Ta biyu kuwa aƙida ce. Ƙungiyar ta koyar da cewa manomi, babba da ƙarami, tsintsiya ce maɗaurinta ɗaya, kuma shi ne tushen al'umma. Ƙauye ne yake ba da soja mai lafiya da biyayya, birni kuwa matattarar lalata ce da gurguzu. Ta kuma ce ƙasar da ba ta ciyar da kanta za a iya karya ta da yunwa a lokacin yaƙi. Da haka buƙatar rukuni ɗaya ta koma buƙatar ƙasa, mai sukar kuɗin fito ya zama maƙiyin ƙasa.

Wani ɓangare na wannan aƙida shi ne ƙin Yahudawa. A watan Disamba 1892 Jam'iyyar Ƴan Riƙau ta shigar da shi cikin manufofinta a taron Tivoli. Ƙungiyar Manoma ta taƙaita zama mamba ga Kirista, jaridunta kuma suka riƙa ɗora laifin faɗuwar farashi a kan dillalan hatsi da masu ba da bashi Yahudawa. Hakan ya kau da idon ƙaramin manomi daga bambancin da ke tsakaninsa da mai gandu, ya kuma sa ƙin Yahudawa ya zama magana ta yau da kullum a karkarar Furotesta.

Sai dai wannan kishin ƙasa yana da iyaka, kuma iyakarsa ita ce aljihu. Misali na farko shi ne batun Polawa. A 1885 gwamnatin Furusiya ta kori wajen mutum dubu 30, Polawa da Yahudawa marasa takardar zama ɗan ƙasa, a 1886 kuma ta ware mak miliyan 100 don sayen gonaki a zaunar da Jamusawa a lardunan gabas. Amma ma'aikatan gona Jamusawa suna ta gudu zuwa Berlin da yankin Ruhr, masu gandaye kuwa suna buƙatar hannu mai araha. Gaba kura baya sayaki. Su ne suka matsa aka sake buɗe iyaka a 1890 ga ƴan ci-rani Polawa, bisa sharaɗin su koma gida da hunturu. Kafin 1914 yawan baƙin da ke aikin gona ya kai wajen dubu 400. Masanin zamantakewa Max Weber, wanda ya binciki halin ma'aikatan gona na gabas a 1892, ya fito fili a laccarsa ta Freiburg a 1895 ya ce buƙatar Yunkawa ta saɓa wa ta ƙasa. Da aka kawo dokar 1908 mai ba da damar ƙwace gandayen Polawa, ƴan riƙau da dama suka ƙi ta, don tsoron kada wata rana a juyo da ita kansu.

Misali na biyu shi ne rundunar jiragen ruwa ta Admiral Tirpitz, wadda aka yi wa dokoki a 1898 da 1900. Masu gandaye da yawa ba sa ƙaunarta, domin a ganinsu hidimar ƴan kasuwa da masana'antu ce. Sun ba da ƙuri'a ne bisa fahimtar za a saka musu da kuɗin fito, kuma dokar 1902 ita ce sakayyar. Haka ma batun mulkin mallaka. Jamus ta kama Kamaru da Togo tun 1884, sojojinta suka ci Garwa a 1901 da Marwa a 1902, amma wannan bai cika damun manomin Pomeraniya ba. Duk da haka, da aka rushe majalisa a watan Disamba 1906 saboda ta ƙi ba da ƙarin kuɗin yaƙi a Afirka ta Kudu maso Yamma, wato Namibiya ta yau, ƙungiyar ta shiga yaƙin zaɓen 1907 da taken kishin ƙasa. Kujerun SPD suka faɗo daga 81 zuwa 43.

9.0 Harajin Gado da Kaɗaicin Ƴan Riƙau

Gwajin gaskiya ya zo a 1909. Kashe kuɗi a kan soja da jirage ya sa gwamnati tana neman ƙarin mak miliyan 500 a shekara. Bülow ya tsara kaso mafi yawa ya fito daga harajin giya da taba da makamantansu, ƙaramin kaso kuma daga harajin gado da zai shafi ƴaƴa da matan aure. Ƙungiyar Manoma ta yi gangami cewa wannan haraji ne a kan marayu da zawarawa. Ainihin tsoronta shi ne kada majalisar da talaka yake zaɓa ta sami ikon taɓa dukiya. A watan Yuni 1909 ƴan riƙau a ƙarƙashin Ernst von Heydebrand suka haɗa kai da Zentrum suka kayar da harajin, a watan Yuli Bülow ya sauka.

Nasarar ta jawo musu baƙin jini. A shekarar ƴan kasuwa da masu bankuna suka kafa Hansabund don yaƙar rinjayen masu gandaye, wasu ƙananan manoma kuma suka ɓalle suka kafa tasu ƙungiya. A 1910 wani jigon ƙungiyar, Elard von Oldenburg-Januschau, ya faɗa a zauren Reichstag cewa ya kamata Kaisa ya iya aiko laftanar ɗaya da soja goma su rufe majalisar. A zaɓen 1912 SPD ta sami kujeru 110 ta zama mafi girma, Jam'iyyar Ƴan Riƙau ta tsira da 43. A 1913 majalisa ta amince da harajin ƙaruwar dukiya ba da yardarsu ba.

Ganin majalisa ta fi ƙarfinsu, sai suka matsa kusa da masu tsananin kishin ƙasa, irin su Ƙungiyar Dukkan Jamusawa da aka kafa a 1891. A 1913 a Leipzig, Ƙungiyar Manoma ta ƙulla ƙawance da manyan masana'antu da ƙungiyar ƙananan masu sana'a. A lokacin yaƙin duniya na farko ta goyi bayan mamaye ƙasashe, shugabanninta suka shiga Jam'iyyar Ƙasar Haihuwa da Tirpitz da Wolfgang Kapp suka jagoranta daga 1917. A gida kuma ƴan riƙau suka yi ta toshe gyaran zaɓe mai aji uku, har aka shiga watannin ƙarshe na yaƙin. Juyin Nuwamba 1918 ne ya share tsarin tare da sarautar.

10.0 Kammalawa

Faɗuwar daular ba ta kawo ƙarshen gandaye ba. A 1921 Ƙungiyar Manoma ta haɗe da wata ta zama Reichslandbund, wadda ta yi gaba da Jamhuriyar Weimar, kuma a watan Janairu 1933 tana cikin masu zuga Shugaba Hindenburg a kan gwamnatin Schleicher, kwanaki kaɗan kafin a naɗa Hitler. Ƙarshen Yunkawa ya zo ne a 1945, lokacin da lardunan gabas suka koma hannun Polan da Tarayyar Sobiyet, kuma aka ƙwace duk gonar da ta wuce hekta 100 a yankin Jamus da Sobiyet ta mamaye.

Masana sun yi saɓani a kan nauyin laifinsu. Alexander Gerschenkron da Hans-Jürgen Puhle da Hans-Ulrich Wehler suna ganin tsoffin masu mulki ne suka yi amfani da talakawan karkara suka hana dimokuraɗiyya kafuwa. David Blackbourn da Geoff Eley kuwa sun nuna cewa ƙananan manoma suna da fushinsu da buƙatunsu, kuma sau da yawa su ne suka tura shugabannin zuwa tsanani. Abin da ɓangarorin biyu suka yarda da shi shi ne, tsakanin 1893 da 1918 ra'ayin riƙau na Jamus ya sauya kama. Ya fara da biyayya ga sarki da coci, ya ƙare da jaridu da gangami da ƙin baƙo, yana adawa da gwamnatin sarkin kansa duk lokacin da ta taɓa farashin hatsi ko harajin gona.